Kafin A Yi Wa Laftof Fomatin, A Binciki Direban Faifan Shafa

A wannan makon za mu tsaya ne kan wata matsala da ke cinye wa iyaye kuɗi, ku kuma ta cinye muku aikin da kuka raba dare kuna yi. Ana tsakar rubuta aikin gida, ko ana gwada amsa tsofaffin tambayoyin JAMB, sai a kai yatsa kan ɗan faifan nan da ke ƙasan madannan rubutu. Kibiya ta tsaya cak. Kafin a ankara fuskar laftof ta koma shuɗiya, ta kashe kanta, ta sake tashi. Duk abin da ba a adana ba ya tafi. Gobe ta maimaita, jibi ma haka. Daga nan sai a ɗauke ta a kai shago, a ce ai ba makawa sai an yi mata fomatin.

Fomatin yana nufin a share komai a sake zuba sabuwar Windows. Hotuna, littattafan da aka sauke daga intanet, manhajar gwajin jarrabawa da aka saya da kuɗi, har da takardun Baba ko na Yaya idan laftof ɗin ta gida ce, duk suna iya salwanta. Abin takaicin kuma, idan direban faifan ne ke jawo matsalar, sannan aka sake ɗora wannan direban bayan fomatin, to an yi aikin baban giwa. Kwana biyu matsalar za ta dawo. Saboda haka abin da muke son ku riƙe a yau guda ɗaya ne: kwamfuta tana faɗin sunan abin da ya kayar da ita. Ku koyi karanta sunan, ku gyara wannan abin shi kaɗai.

Faifan shafa da direbansa

Bari mu fara da sanin abubuwan da muke magana a kansu. Ɗaya daga cikin na'urorin farko da aka yi don motsa kibiya a fuskar kwamfuta ita ce linzami, wanda aka fi sani da mawus. Wani Ba'amurke mai suna Douglas Engelbart ne ya ƙirƙiro shi, ya kuma nuna shi ga jama'a a birnin San Faransisko a watan Disambar 1968. Da laftof ta shigo, sai aka nemi abin da zai yi aikin linzami ko da babu tebur. A 1992 kamfanin IBM ya dasa wani ɗan jan ƙullutu a tsakiyar madannan ThinkPad, wanda har yau za ku gan shi a ThinkPad ɗin da Lenovo ke ƙerawa. A 1994 kuma kamfanin Apple ya fitar da PowerBook 500 ɗauke da faifan da ake shafawa da yatsa. Shi ne masu gyara ke kira tocfad ko tirakfad. Mu a nan faifan shafa za mu riƙa ce masa.

A ƙarƙashin fatar faifan akwai siraran layukan lantarki, wasu a tsaye wasu a kwance, kamar saƙar tabarma. Da yake lantarki na iya bi ta jikin mutum, da zarar yatsa ya sauka a wani wuri sai cajin wurin ya ɗan sauya. Wata 'yar ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke manne da faifan ce ke auna wannan sauyi, ta mayar da shi lambobi, ta aika ciki. Shi ya sa marfin biro ba ya motsa kibiya, amma ɗigon ruwa ko gumi yana iya rikita ta.

Windows ba ta jin yaren waɗannan lambobi kai tsaye, sai da tafinta. Tafintan shi ne wata ƙaramar manhaja da ake kira direba. Kowace na'ura a jikin kwamfuta tana da nata direban: lasifika, kyamara, firinta, haka ma faifan shafa. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, kamfanin da tambarinsa ke bayan laftof, HP ne ko Dell ko Lenovo, galibi ba shi ke ƙera faifan ba. Sayowa yake yi daga wasu kamfanoni, waɗanda suka fi shahara a cikinsu su ne Synaptics na Amurka, ELAN na Taiwan da Alps na Japan. Laftof biyu masu suna iri ɗaya suna iya zuwa da faifai na kamfanoni daban-daban, kuma direban wannan ba ya yi wa wancan aiki.

Tun daga Windows 8.1 wadda ta fito a 2013, kamfanin Microsoft ya kawo wani tsari mai suna Precision Touchpad, inda Windows ke kula da faifan da direbanta na kanta. Sabbin laftof wannan tsarin suke bi. Amma da yawa daga cikin laftof na hannu da ɗalibai ke amfani da su tsofaffin yayi ne, masu dogaro da direban kamfanin da ya ƙera faifan, kuma a cikinsu aka fi gamuwa da wannan rikici.

Yadda ƙaramin abu ke kayar da babba

Za ku iya tambaya: faifan da bai wuce tafin hannu ba, ta yaya zai sumar da kwamfuta ɗungurungum? Amsar tana ga wurin da direba ke zama. Idan manhajar rubutu ko ta kallon bidiyo ta samu tangarɗa, Windows kan rufe ta ita kaɗai, sauran aiki ya ci gaba. Irin waɗannan manhajoji a zaure ake ajiye su, ba su da izinin shiga cikin gida. Direba kuwa can ƙuryar ɗaki yake aiki, tare da zuciyar Windows, inda hannunsa ke iya kaiwa ga kowane sashe na ƙwaƙwalwar kwamfuta. Idan ya yi rubutu a wurin da ba nasa ba, Windows ba ta da tabbacin abin da ya ɓata. Maimakon ta ci gaba da aiki a haka har ta lalata muku fayiloli, sai ta tsayar da komai nan take. Wannan shi ne shuɗin allo. A sabbin Windows 11 launin ya koma baƙi, amma saƙon bai sauya ba.

Kamfanin Microsoft da kansa ya bayyana cewa kimanin kashi 70 cikin 100 na irin wannan sumewa direbobin wasu kamfanoni ne ke haddasa ta. Duniya ta ga misalin haɗarin taɓa ƙuryar Windows ranar 19 ga Yulin 2024, lokacin da wani sabuntawa mai kuskure daga kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ya jefa kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 cikin shuɗin allo, har jirage suka kasa tashi a ƙasashe da dama. Babu kwamfutar da ta ƙone a ranar. Fayil guda ne mai matsala, kuma da aka cire shi suka ci gaba da aiki.

Ta ina direban faifai ke lalacewa? Hanyoyin da aka fi sani su ne waɗannan. Na ɗaya, a zuba Windows a shago, a ɗora direbobi daga filash mai tarin direbobi iri-iri, a dace da wanda bai yi daidai da faifan ba. Na biyu, a ɗaga laftof daga Windows 7 ko 8 zuwa 10 ko 11, tsohon direba ya biyo ta. Na uku, Windows ta sabunta kanta ta sauya direban da ke aiki lafiya da wani sabo wanda bai jitu da laftof ɗin ba. Na huɗu, a ɗora manhajar wani linzami na waje, direbobi biyu su riƙa rigima kan kibiya ɗaya. Na biyar, batir ya mutu ko a kashe kwamfuta da ƙarfi ana tsakar sabuntawa, fayil ya rubutu rabi da rabi.

A fara da abubuwan da ba na direba ba

Kafin a kama direba da laifi, a kawar da abubuwa huɗu masu kama da matsalarsa.

Na farko, a tabbatar ba kashe faifan aka yi ba da gangan ko bisa kuskure. Laftof da yawa suna da madanni a layin sama mai ɗauke da zanen faifai, wanda ake haɗawa da Fn a danna. A wasu HP kuma, taɓa kusurwar hagu ta sama ta faifan sau biyu da sauri yana kashe shi, wata 'yar fitila ta kama. A sake taɓawa sau biyu ya dawo.

Na biyu, a duba yatsa da faifan. Gumi a lokacin bazara, man shafawa a lokacin hunturu, da maiƙon abinci, duk suna sa kibiya tsalle-tsalle. A kashe laftof, a goge faifan da ƙyalle mai laushi, a bushe hannu.

Na uku, a zare caja. Idan kibiya na rawa ita kaɗai lokacin da laftof ke jone da wuta, ta kuma natsu da zarar an zare, to cajar ce ko wutar, musamman caja marar inganci ko wutar janareta da ba ta daidaita ba. Babu direban da zai magance wannan, sai an sauya caja ko soket.

Na huɗu shi ne mafi haɗari. A laftof da yawa batir yana kwance ne daidai ƙarƙashin faifan. Idan batir ya tsufa ko ya sha zafi yakan kumbura ya turo faifan sama. Alamarsa ita ce faifan ya yi tozo, danna shi ya yi tauri, ko gefen laftof ya fara buɗewa. Duk wanda ya ga haka ya kashe laftof, ya daina sa mata caji, kada ya danne wurin, kada ya huda batirin, kada kuma ya jefa shi a bolar da ake cinna wa wuta. Irin wannan batir yana iya kamawa da wuta. A sanar da babba a gida, a kai wa mai gyara ya sauya shi.

Karanta abin da shuɗin allo ya faɗa

Idan waɗancan huɗun ba su ne ba, sai a koma ga shuɗin allon kansa. Yawancinmu da mun gan shi sai gaba ya faɗi, mu manta da karantawa. Ku ɗauki waya ku yi masa hoto. A can ƙasa akwai layi biyu masu muhimmanci. Ɗaya yana farawa da “Stop code”, wato sunan nau'in kuskuren. Ɗayan, idan ya fito, yana farawa da “What failed”, wato sunan fayil ɗin da ya faɗi.

Ga sunayen da ya kamata ku gane. SynTP.sys direban Synaptics ne. ETD.sys na ELAN ne. Apfiltr.sys na Alps ne. Shi kuma i8042prt.sys na Windows ne, amma ta kansa tsofaffin faifai da madannai ke isar da saƙo, don haka idan ya fito a binciki direban faifan da ke jingine da shi. Daga cikin sunayen kuskure kuwa, DRIVER_IRQL_NOT_LESS_OR_EQUAL yana nufin wani direba ya taɓa sashen ƙwaƙwalwar da bai kamata ba. DRIVER_POWER_STATE_FAILURE kuma yana nufin wani direba ya kasa amsa umarnin yin barci ko farkawa, shi ya sa ake yawan ganinsa bayan an rufe marfin laftof an sake buɗewa.

Idan allon yana wucewa da sauri kafin a ɗauki hoto, akwai dabara. A danna madannin Windows tare da R, a rubuta sysdm.cpl, a shiga “Advanced”, a ƙarƙashin “Startup and Recovery” a danna “Settings”, a cire alamar da ke gaban “Automatically restart”. Daga nan allon zai riƙa tsayawa har ku gama karantawa. Haka kuma duk lokacin da Windows ta sume takan ajiye ɗan rahoto a cikin folda mai suna Minidump da ke cikin foldar Windows. Akwai wata ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna BlueScreenView da ke buɗe waɗannan rahotanni ta nuna sunan fayil ɗin da ake zargi. Sannan idan kuka rubuta perfmon /rel a wancan akwati na Windows da R, za ku ga jadawalin kwanaki mai nuna ranar da matsala ta fara da abin da aka ɗora a ranar. Idan sumewar ta fara ne washegarin ranar da aka sabunta direban faifai, to kun kama zaren.

Sai dai a kula da abu biyu. Idan sunan da ya fito ntoskrnl.exe ne, wannan zuciyar Windows ce, ita aka kayar, ba ita ta yi kayen ba. Idan kuma kullum wani sabon suna ne ke fitowa, yau wannan gobe wancan, to a fi zargin ƙwaƙwalwar aiki, wato RAM. A rubuta mdsched a cikin akwatin, Windows za ta sake tashi ta gwada ta.

Gwajin da ke tabbatar da zargi

Zargi daban, hujja daban. A nemi aron linzami mai waya na USB, a jona, a kashe faifan shafa, a yi aiki da linzamin kwana ɗaya ko biyu. Ana kashe faifan ne daga “Settings”: a Windows 10 a shiga “Devices” sannan “Touchpad”, a Windows 11 kuma “Bluetooth & devices” sannan “Touchpad”. Idan sumewar ta ɗauke tsawon wannan lokaci, ta kuma dawo da aka koma kan faifan, magana ta fito fili.

To idan babu linzami, kibiya kuma ta daskare fa? Madannai sun isa. Windows da R, a rubuta devmgmt.msc, a danna Enter. Wannan zai buɗe “Device Manager”, wato rajistar dukkan na'urorin da ke jikin kwamfuta. A danna Tab sau ɗaya, a sauka da madannin kibiyar ƙasa zuwa “Mice and other pointing devices”, a danna kibiyar dama ya buɗe, a sauka kan sunan faifan, a danna Enter. Ctrl da Tab suna kai ku daga shafi zuwa shafi, Tab kuma daga maɓalli zuwa maɓalli. A sabbin laftof a duba har da “Human Interface Devices”, a nemi “I2C HID Device”. Duk na'urar da ke da ɗan alwatika ruwan ɗorawa a gefenta tana da matsala. Idan kuka buɗe kuka ga “Code 10”, ma'anarsa na'urar ta kasa tashi.

Wani lokaci laftof kan sume tun kafin a samu damar yin komai. A nan ake buƙatar “Safe Mode”, yanayin da Windows ke tashi da 'yan direbobin da ba makawa sai da su. A riƙe Shift a danna “Restart”. Idan shuɗin shafi mai zaɓuɓɓuka ya fito, a bi “Troubleshoot”, “Advanced options”, “Startup Settings”, “Restart”, sannan a danna 4. Idan Windows ba ta ma kaiwa ga wurin shiga, a kashe ta da madannin wuta daidai lokacin da tambarin Windows ya fito, sau biyu ko uku a jere, za ta kai ku wannan shafin da kanta. A wasu laftof faifan ba ya aiki a wannan yanayi, don haka a tanadi linzami ko a yi amfani da madannai. Idan kuma laftof ɗin tana da kullen BitLocker, za ta iya neman lambar sirri mai alƙaluma 48, don haka a tambayi mai ita kafin a fara.

Gyara, mataki bayan mataki

Kafin ku taɓa komai, ku kwafe muhimman fayilolinku a filash. Idan laftof ɗin ta makaranta ce ko ta wani ce, ku nemi izini. Sannan ku riƙe wannan ƙa'ida: abu ɗaya ake sauyawa a lokaci ɗaya, a gwada, kafin a wuce gaba. Wanda ya sauya abu biyar a tare, ko ta gyaru bai san abin da ya gyara ta ba.

Matakin farko shi ne mafi sauƙi: a danna “Restart”, ba “Shut down” ba. Tun daga Windows 8 akwai wani tsarin saurin tashi da ke sa “Shut down” ya adana zuciyar Windows da direbobinta yadda suke, ya dawo da su idan an kunna. Direban da ya rikice da daddare zai tashi a rikice da safe. “Restart” ne ke sa komai ya fara daga farko.

Mataki na biyu, idan matsalar ta fara bayan sabuntawa, a mayar da tsohon direba. A cikin “Device Manager” a buɗe faifan, a shiga shafin “Driver”, a danna “Roll Back Driver”. Idan maɓallin ya dushe ba ya dannuwa, Windows ba ta ajiye tsohon ba, sai a wuce gaba.

Mataki na uku, a cire direban gaba ɗaya. Da farko a kashe intanet, don kada Windows ta yi sauri ta sake sauko da wanda aka cire. A wannan shafin na “Driver” a danna “Uninstall Device”, a sa alama a ɗan akwatin da ke tambaya ko a goge manhajar direban. Idan akwai manhajar Synaptics, ELAN, Alps ko ta wani linzami a jerin manhajojin da ke “Apps”, ita ma a cire ta. A sake tayar da laftof. Windows za ta sa direbanta na gama-gari, za ku ga sunan ya koma “PS/2 Compatible Mouse” ko “HID-compliant mouse”. Kibiya za ta motsa, danna zai yi aiki, sai dai ja da yatsu biyu na iya ɗaukewa. Idan laftof ta zauna lafiya a haka, kun tabbatar da mai laifi. Wanda jarrabawa ta matso masa ma yana iya barin ta haka har ya gama.

Mataki na huɗu, a ɗora direban da ya dace. Daga shafin intanet na kamfanin da ya ƙera laftof ake sauke shi, domin kowane kamfani yana daidaita direban da tasa laftof. A juya laftof a duba takardar da ke manne a ƙasanta. Dell na da lamba mai suna Service Tag, HP da Lenovo kuma suna da lambar siriyal da lambar samfuri. Idan takardar ta goge, a rubuta msinfo32 a akwatin Windows da R, sunan samfurin zai fito. A shiga sashen tallafi na shafin kamfanin, a sa lambar, a zaɓi irin Windows ɗin da ke kai, a sauke direban kamfanin faifan da kuka gani tun farko. Idan matsalar ta “I2C HID Device” ce a laftof mai injin Intel, a fara ɗora direban da ake kira Intel Serial IO, domin shi ne gadar da saƙon faifan ke bi. Ku guji shafukan da ke tallar manhajar da wai za ta sabunta duk direbobi da danna ɗaya. Ta irin wannan hanya direbobin da ba su dace ba da manhajoji masu cutarwa ke shigowa.

Mataki na biyar, idan duk wannan bai yi ba, a gwada “System Restore”. A rubuta rstrui, a zaɓi wata rana kafin matsalar ta fara. Wannan yana mayar da direbobi da saituna baya, ba ya taɓa hotuna da takardu.

Lokacin zuwa wurin mai gyara

Akwai inda direba ba shi da laifi. Faifan yana haɗe da uwar allon kwamfuta ne da wata siririyar waya shimfiɗaɗɗiya, wadda kan goce idan laftof ta faɗi ko aka taɓa buɗe ta. Ruwa ko shayi da ya zube shi ma yakan kashe faifan. Dell na da gwajin kayan ciki da ake shiga ta danna F12 lokacin kunnawa a zaɓi “Diagnostics”, HP kuma ta danna Esc sannan F2. Waɗannan gwaje-gwaje ba su dogara da Windows ba. Haka nan idan malamin kwamfuta yana da filash mai ɗauke da Ubuntu, ana iya tayar da laftof da shi ba tare da an goge komai ba. Idan faifan ya yi aiki lafiya a can, ƙarfen lafiya lau yake, matsalar ta cikin Windows ce. Idan a can ma bai motsa ba, aikin mai sukudireba ne.

Idan za ku je, ku je da bayani. Ku nuna hoton shuɗin allon, ku ce: “Malam, ga abin da take nunawa, ga kuma abin da muka gwada. Don Allah a duba wayar faifan da batir tukuna, kuma kada a goge komai sai an sanar da mu.” Mai gyaran kirki zai ji daɗin wannan, domin kun rage masa aiki.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Ku saba da danna Ctrl da S kowane 'yan mintoci yayin rubutu. Ku ajiye kwafin aikinku a filash ko a imel. Direban da kuka tabbatar yana aiki, ku adana fayil ɗinsa a filash. Kada ku sabunta komai a daren da za ku miƙa aiki. Ku kuma lura cewa kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin Windows 7 a Janairun 2020, na Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoban 2025, saboda haka za a riƙa ba ku shawarar a ɗaga tsohuwar laftof zuwa Windows 11. Kafin ku amince, ku duba shafin kamfanin ku ga ko akwai direbobin samfurinku na wannan Windows ɗin.

Masu shirin JAMB, wadda ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, ku koyi amsa tambaya da madannai: A, B, C da D don zaɓar amsa, N don tambaya ta gaba, P don komawa baya. S na miƙa jarrabawa ne, kada a taɓa shi sai an gama. Wanda ya iya wannan, ko linzami ya ƙi aiki ba zai ruɗe ba.

Ga aikin wannan makon. Ku buɗe “Device Manager” a laftof ɗin gida ko ta ɗakin kwamfutar makaranta, da izinin malami, ba tare da kun taɓa faifan ba, da madannai kaɗai. Ku nemo sunan kamfanin da ya ƙera faifan, lambar direbansa da kwanan watan da ke jikinsa, ku rubuta a bayan littafinku na kwamfuta. Ranar da matsala ta zo, wannan rubutun zai gaya muku ko direban ya sauya, da kuma wanda za ku nema ku mayar. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.